Ranar da Adigun Ya Sauko daga Gado

"Ba ta nan ba, Malam Jika, ta hammata! Kai ba ka taɓa ɗaukar mutum ba ne?"

Malam Jika tela bai taɓa ɗaukar abin da ya fi kan keken ɗinki nauyi ba, shi ma sai da ya kwana biyu yana shafa man zafi. Ga shi yau ya rungumo maƙwabcinsa Adigun a bakin gado, gumi na keto masa duk da sanyin damina na Jos. Ba nauyin ne ya firgita shi ba, rashin nauyin ne. Mutumin da ya shekara talatin yana saɓa cinyar bijimi shi kaɗai a mahautar Abatuwa, yau bai kai buhun dusa ba.

"Oga Adigun, ka rufa min asiri," in ji Jika. "Likita ya ce ciwon dajin nan ya cinye ƙashin bayanka, ko tari ka yi da ƙarfi yana iya karyewa. In Mama Seyi ta shigo ta same mu haka, ina zan sa kaina?"

"Yana bayan gida, yana wanki. Yi sauri." Shekara arba'in Adigun ya yi a unguwar Rikkos, amma har gobe matarsa "ya" ce a bakinsa.

"To wai me za ka yi a ƙasa?"

Adigun ya daɗe yana neman numfashi. "Dobale zan yi masa."

Jika ya san dobale. Ya sha ganin samarin Yarbawa sun miƙe rub da ciki a gaban dattawa, ko da a taɓo ne. Amma ɗa ke yi wa uba, ango ke yi wa surukai. Bai taɓa jin inda magidanci mai jikoki ya yi wa matarsa ba.

"Subhanallahi! Abdurrazaƙ, Musulmi ne fa kai. Ba a yi wa mutum sujada," in ji Jika, ya kira shi da sunansa na yanka.

"Goshi na Allah ne, ba zai taɓa ƙasa ba. Ƙirji kawai. Ƙirjin nan, wa ke wanke shi?"

Jika ya san ko wace ce, domin bango ɗaya ne tsakaninsu, kuma bangon ba ya riƙe sirri. Wata goma sha tara ke nan da Abibat, wato Mama Seyi, ta rufe shagonta na garin alabo. Ya gan ta ta goya mijin nan a baya kamar jariri har bakin titi, don Keke Napep ba ya shiga lungunsu. Duk ranar da aka yi masa ƙarin ruwan maganin nan mai zubar da gashi, Jika na jin amai ta bango, yana jin ta tana rarrashi da Yarbanci. Duk bayan awa biyu take juya shi don kada bayansa ya yi gyambo, kuma bai yi ba. Ma'aikatan jinya ma sai da suka tambaye ta sirrin. Ita kuwa ta rame har zobenta ya koma babban yatsa.

"Ka gode mata da baki mana," Jika ya ce a raunane.

"Na gwada. Da na buɗe baki sai ya cusa min cokalin koko, wai in ci in daina maganar masu tafiya. Shekara talatin da huɗu kullum safe yana durƙusa min. Ni ko sannu. Malam, ba ni da sati. Kar ka bari in tafi da wannan."

Tsoro bai bar Jika ba, amma kunya ta fi shi ƙarfi. Ya yi bismilla, ya zame da shi a hankali, gwiwa ɗaya, sannan ɗayar. Adigun ya ciji gefen zanin gado don kada ihu ya fita. Da ya dafa siminti, hannuwansa suka hau rawa kamar ƙafafun ɗan akuyar da aka haifa yanzu. Jika ya kai hannu zai tallafe shi.

"Sake ni. Wannan ni zan yi."

Ya miƙe kansa, kaɗan-kaɗan, har ƙirjinsa ya kwanta a kan simintin mai sanyi, haɓarsa a ɗage, idonsa a ƙofa. Nan ya jira. Jika ya ji kamar shekara.

Labule ya ɗaga. Abibat ta shigo da bokitin wanki a hannu, kumfa har gwiwar hannu.

"Ye! Ya faɗi? Malam Jika, me ka yi min?"

"Abibat," in ji Adigun. Muryar ta fito tas, irin ta da, wadda ake ji daga wannan rumfa zuwa waccan. "E she. Na gode. Na gode, uwata."

Sai a lokacin ta lura da yadda tafukansa suke shimfiɗe a gefen kafaɗu. Bokitin ya suɓuce. Ta toshe baki da hannu biyu, kumfa da duka.

"Tashi," ta ce. "Baba Seyi, don Allah tashi, kar ka ja min zunubi. Wa ya taɓa ganin haka?"

"Sai ka karɓa."

Jika ya je ɗaurin aure ba adadi, ya ɗinka kayan amare har idonsa ya mutu, amma bai taɓa sanin abin da ake ɗaurawa ba sai yau. Hawaye ya zubo masa, bai ma share ba.

"Na karɓa," ta ce da ƙyar. "Na karɓa, mai taurin kai."

Ranar Alhamis bayan la'asar Adigun ya cika, a kan katifar da aka sauko masa da ita, domin Abibat ta hana a sake ɗaga shi zuwa gado.

Amma a waccan safiyar ta dobale ba ta nemi katifa ba tukuna. Durƙusawa ta yi, ta ga har yanzu ta fi shi tsawo, sai ta kwanta rub da ciki a gefensa, a cikin ruwan wankin da ke malala, ta sa tafinta a ƙarƙashin haɓarsa. Jika ya ja da baya, ya sako labule a hankali. Ta ƙasan labulen yana hango tafin ƙafafu huɗu a jere, biyu fari fat don rashin taka ƙasa, biyu duk faso.