Warin Gam a Ɗakin Dogo

"Idan ka shiga ɗakin nan da wannan fuskar, za ka yi ɓarna," in ji matata. Ta ajiye tsintsiya ta tare min hanya. "Baban Dogo, ka bari ka huce."

Ban bari ba. Da rana mai shagon layinmu ya leƙo wurin da nake walda, ya ja ni gefe, ya ce ɗana yana yawan sayen gam. Bai ƙara komai ba, ya dai dube ni. Na san samarin bayan gareji da ke shaƙar gam a tsumma, na san yadda idonsu yake komawa. Ga shi tun da Dogo ya baro makaranta ana tsakiyar karatu ya kulle kansa a ɗaki. Tambaya goma, amsa ɗaya: "Lafiya lau, Baba."

A bakin ƙofar ɗakinsa warin gam ya doki hancina. Na sa kafaɗa na banke ta.

Ashe ya jawo teburinsa bayan ƙofar don ya sami hasken taga. Sai na ji ƙas.

Ba tsumma, ba kwalba a hanci. Wani jirgin ruwan yaƙi ne na roba a kan tebur, tsawonsa bai wuce damtsena ba, an shafe shi da fenti ruwan toka. Ga bindigogi jere kamar ƙwayar shinkafa, ga 'yan matakala, har da sarƙa siririya a goshinsa. Gefe kuma kwali mai hoton jirgin, da reza, da hantsaki, da gam ɗin. Dogon sandan da ke tsakiyar jirgin ya karye, yana lilo a jikin zare.

Dogo ya dubi sandan, ya dube ni. Na jira ya yi ihu, ko ya fice ya bar min gidan.

"Baba, ka nutsar da mu ba a fara yaƙi ba," ya ce.

Na fara bayani, cewa mai shago ne ya gaya min, ni kuma na zaci wani abu. Ya ɗaga hannu.

"Na san abin da ka zata. Zauna. Kawo yatsunka."

"Waɗannan? Ƙarfe suka sani."

"Riƙewa kawai za ka yi. Ni ba ni da hannu uku."

Ya ɗiga gam da bakin tsinke, ya tsayar da sandan, ya ɗora babban yatsana da manuni a kai. Ni da nake haɗa ƙofar ƙarfe ba gargada, sai ga ni ina fama da abin da bai kai ashana kauri ba.

"Yanzu dai, wannan makarantar..."

"Kada ka yi magana. Numfashinka zai kwashe min bindigogi."

Na rufe baki. Matata tana leƙe ta ƙofa, na ji tana danne dariya. "Yau na ga abin da ya sa babanku shiru," ta ce, ta wuce.

Muka zauna haka. Shi yana ɗaura zare da hantsaki, ni ina riƙe, gwiwar hannuna ta fara tsami. Can, ba tare da ya ɗago kai ba, ya fara magana. Ya ce a wurin mai kayan gwanjo ya tsinci kwalin, da sassan jirgin a ciki ba a haɗa ba. Ya ce a makaranta idan ya buɗe littafi kansa toshewa yake yi, zuciyarsa ta riƙa gudu har ya kasa barci. Ya ji kunyar gaya min, don ya san yadda nake faɗa wa kowa a gareji ɗana zai zama injiniya. Amma idan yana liƙa waɗannan 'yan ƙananan abubuwa, ɗaya bayan ɗaya, kan nasa yana yin shiru.

Maganganu sun cika min baki. Da hannuna a sake yake, da na zuba masa su duka, da kuma ya koma "lafiya lau, Baba." Sandan nan ne ya hana ni. Na gode wa Allah da ya ɗaure min yatsu a daidai lokacin.

"Saki a hankali," ya ce.

Na saki. Sandan ya tsaya, ya ɗan karkata hagu.

"Aikin walda kenan," in ji shi, ya yi murmushi.

Yanzu idan na taso aiki nakan wanke hannu da sabulu sosai, in ƙwanƙwasa. Yakan ba ni reza in kankare gefen roba. Ya yarda mu je mu ga likita tare, ranar da ba ni da aiki da yawa. Abin da likitan zai ce, da ko Dogo zai koma makaranta, ban sani ba.