Sunan da Ya Zo Daga Ayalan

Lubabatu ta ɗaga wayar sama tana zagaya tsakar gida, wai ko rezo, wato sabis ɗin waya, zai ji tausayinta. A zaure kuwa Malam Inusa ya wasa wuƙa, rago na ɗaure, mutanen unguwar Birni sun cika tabarmi. Suna kawai ake jira.

Shekara tara ke nan da ɗanta Kassim ya tafi ƙasar Ayalan karatun likita, ya auri 'yar can, ya zauna. Yau kwanan 'yarsa bakwai a duniya. Lubabatu ba ta roƙi komai ba, amma duk wanda ya ga irin ragon da ta saya ya san takwara take sa rai.

Wayar ta yi ƙara. Hoto ne: jaririya ja jawur, da rubutu a ƙasa. Autarta Husaina ta karanta.

"Inna, wai Una."

"U me?"

"Una. Matarsa ce ta rubuto. Ta ce cikin sunayen mutanensu ta zaɓo, mai farawa da harafin da ba a cika sa wa yara ba, don kada a samu mai irinsa a lekol in ta shiga karatu."

Matan da ke tsakar gida suka dubi juna. Ya Gana, maƙwabciyarta, wadda ba ta iya ganin abu ta ƙyale, ta ce, "To, Allah ya raya. Zamani ke nan."

Lubabatu ta shige ɗaki. Ba sunan ne ya ƙona mata rai ba. Gani ta yi yaron nan ya tafi ke nan, ko sawunsa bai bar mata ba. Ta sa Husaina ta kira shi.

"Kassim, me zan ce wa Malam? Ya yanka rago a kan Una?"

"Haba Inna! Sunan yanka ai naki ne, shi ke kan takarda." Muryarsa ta yi ƙasa. "Ni ne na kasa. Yaya zan buɗe baki in kira sunanki gatsal a cikin gida, har in yi tsawa da shi in yarinyar ta yi ɓarna? Shi ya sa na ce uwarta ta nemo na kira."

Lubabatu ta zauna a bakin gado. Ashe kunyar ba ta faɗa teku ba.

"Kai dai ba ka da kirki," ta ce, tana share ido da gefen mayafi. "Kara wa jaririyar wayar a kunne."

Ta ce Una sau biyu, a hankali, kamar mai ɗanɗana gishirin miya. Numfashi kawai ta ji, ɗan ƙarami.

Aka yanka rago, aka yi fatiha. Da la'asar, ana rabon soye, Lubabatu ta zaɓi tsoka mafi taushi ta zuba a kwano ta rufe.

"Na mai jego ne," ta ce, ta kai ɗaki.

Ko Ya Gana ba ta tambayi wanda zai kai shi Ayalan ba.