Koren Ganyen Albasa

Shekara talatin da ɗoriya Ya'ƙub Maiwada ya yi yana zana bodin manyan motoci a Jega. Da aka soma buga zane da inji ana mannawa, sai direbobi suka daina nemansa, ya tattara gwangwanayen fentinsa ya koma gida.

Mufida, 'yar ƙanwarsa, malamar zane ce a Maiyama. Duk Asabar ita da abokan sana'arta huɗu kan fita su kafa allunansu a fili, su zana abin da ke gabansu, yau bakin kasuwa, wani satin tashar mota. Sau uku tana roƙonsa ya bi su.

"Ni da ban yi boko ba, mi za ni yi cikin malamai?" in ji shi.

"Kawu, ko zama ka yi kana kallonmu ya ishe ni."

Ranar da ya yarda, lambun albasar Malam Tamu suka nufa a Aliero. Hantsi ya ɗaga, injin ban ruwa yana ta ƙugi, ruwa na bin fangali ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya zaɓi wurinsa ya duƙufa. Ya'ƙub ya zauna gindin mangwaro, ledar fentinsa ƙulle a gefe.

Can sai Malam Tamu ya zagayo ya leƙa allon Waliyyu, wanda duk cikinsu shi aka fi yaba wa hannu.

"Malam, wannan ai shinkafa ce kaz zana. Albasata ba haka take ba."

Waliyyu ya ƙara ruwan ɗorawa, abin ya koma kamar gero. Ya ƙara baƙi, ganyen ya mutu. Sauran ma da suka duba nasu, suka ga duk jirgi ɗaya ne ya kwaso su.

Ya'ƙub ya kasa daurewa. Ya tashi ya tsinko ganye ɗaya, ya murza da yatsa, ya nuna musu farar ƙurar da ke kwance a kansa. Ya buɗe ledarsa, ya haɗa kore da ɗan shuɗi a murfin gwangwani, ya ɗiga fari kaɗan. Ya ɗora burushinsa kan allon Waliyyu. Ja shida ya yi, albasa ta miƙe tsaye.

Malam Tamu ya matso yana kallon yadda Ya'ƙub ya karya bakin ganyen a zanen.

"Tsaya. Ba kai ne kaz zana motar Alhaji Maigari ba, mai kai muna albasa kudu? Wadda ke da zanen kwandon albasa a ƙofar baya?"

"Ni ne."

Tamu ya ƙwala wa maƙwabtansa kira. Manoma suka bar fangalinsu suka taho da laka a ƙafa, kowa na faɗin inda ya taɓa hango motar, har wani ya ce a Anaca ya gane ta tun daga nesa. Mufida na tsaye a baya, murmushi ya ƙi barin fuskarta.

Waliyyu ya sauke allon ya miƙa wa Ya'ƙub da hannu biyu.

"Baba, ƙarasa shi. Ni dai zan tsaya nan in gani."

Sai bayan azahar Ya'ƙub ya aje burushi. Da suka zo tafiya, Malam Tamu ya cika musu bayan mota da albasa, ya ce in kaka ta yi su dawo su zana masa rumbunansa.