Fentin Ruwa

Mai fenti yana kan tsani, yana kankare tsohon allon ƙofar asibitin unguwa, sai sakataren fada ya tsaya a ƙasa ya yi gyaran murya.

"Sannu da aiki, Malam."

"Yauwa, ranka ya daɗe."

Shekara talatin yana rubuta alluna, bai taɓa ganin ɗan fada ya tako da ƙafarsa wajen mai fenti ba. Aike suke yi, ka je ka durƙusa. Tun daga nan ransa ya ba shi cewa da wata a ƙasa.

Sakataren ya miƙo masa takarda, ya ce shugabar asibiti ta san da zancen. A rubuta cewa marigayi sarki ne ya gina wa jama'arsa wannan wuri.

"Ai ka san tarihi," in ji shi. "Ranar da kakan mai martaba ya kafa ɗakin farko, ya haƙa rijiya, waɗannan 'yan jam'iyyar masu ihu ko iyayensu ba a haifa ba."

Mai fenti ya san tarihi kam. Uwarsa ta sha gaya masa cewa ɗakin nan ƙofa biyu gare shi, kuma ba ta gaba talaka ke bi ba. Ya haɗiye maganar, ya tambayi abin da ya shafe shi.

"Da wane fenti za a yi?"

"Na ruwa ya isa. Kada ka wahalar da kanka."

Ba a yi awa guda ba sai ga shugaban jam'iyya, wanda kowa ke kira Kwamared, da jar hularsa da ta ƙi tsufa. Wannan nasa ne. Tare suka ɗauki bulo a ka lokacin da jam'iyya ta kama mulki ta gina ɗakin haihuwa, ta toshe ƙofar baya, ta ce kowa ta gaba zai bi. Sai dai yanzu Kwamared a mota yake, ga tumbi ya rigaye shi fitowa.

"Ɗan'uwa, rubuta musu gaskiya," ya ce, ya ba shi tasa takardar. "Gumin ma'aikata ne ya gina nan. Fada ta ba da ɗaki ɗaya, ta yi shekara saba'in tana karɓar godiya."

"Ku kuma kuka ba da ɗaki shida, babu magani a ko ɗaya."

Kwamared ya yi dariya, ya daki ƙafar tsanin. "Bakinka bai mutu ba. Yi mana da fentin ruwa kawai, ya fi saurin bushewa."

Ya tafi. Mai fenti ya zauna a kan matakala da takardu biyu a hannu, abin ya ƙi kwanta masa.

Shi ne ya rubuta allon nan sau huɗu. Kowane karo sai an yi kamar za a doku a kan wa za a sa a sama, harafin wa ya fi girma. Kwamared ya taɓa zuwa da abin awo ya gwada sunan sarki da hannunsa. Yau babu wanda ya tambayi abin da ɗayan ya kawo. Kuma duk rigimarsu, a abu ɗaya suka saba haɗuwa: fentin mai, shafi uku, wanda zai kai shekara goma, don kowa yana so sunansa ya wuce na ɗan'uwansa daɗewa. Fentin ruwa a allon waje kuwa damina ɗaya ce ajalinsa. Su biyun sun san haka sarai.

Ya sake hawa tsanin har can ƙarshe, ya leƙa ta saman katanga. Bayan ɗakin haihuwa wasu mutum uku suna jan igiyar awo, suna kafa turaku. Motar fada da ta Kwamared suna inuwar bishiya ɗaya, direbobin suna hira kamar 'yan ɗaki guda.

Ya sauko ya nufi ofishin shugabar asibiti.

"Hajiya, me ake aunawa a baya?"

Ba ta ɗago daga fayil ɗinta ba. "Wai gyara."

"Gyara da turaku har bakin titi?"

"Malam, kai dai allo aka sa ka."

"'Yata a nan take aiki."

Nan ta ajiye biro. Ta dubi ƙofa, ta rage murya. "Ni ban ce maka komai ba. An dai ce kada in nemi maganin da zai wuce damina. Ma'aikata kuma ban ji an yi maganarsu ba."

Nan ya gane fada da jam'iyya sun haɗa baki, asibitin ba zai wuce damina ba. Amma ba asibitin kaɗai ne ya dame shi ba.

Kwana takwas ke nan da wata wasiƙa ta iso ta adireshin shagonsa. Babban asibitin birni ne ya ɗauki 'yarsa aikin jinya, aka ce ta sa hannu ta mayar ta ofishin lafiya kafin ƙarfe huɗu na yau, in ba haka ba a ba wani. Ya karanta, ya tura ta ƙarƙashin gwangwanayen fenti. Ya gaya wa kansa wai asibitin talakawa yake karewa, wai bai kamata kowa ya gudu birni ba. Ƙarya yake yi. Tun rasuwar uwarta su biyu suka rage a gidan, tsoron shirun gidan yake ji. Kullum da safe sai ta tambaye shi ko an kawo saƙo, ya ce babu yana kallon takalminsa.

Agogon bangon ofishin ya nuna biyu da rabi. Ya bar tsanin a jingine, ya yi shago da sassarfa, ya dawo yana haki.

Ya same ta a ɗakin allura tana wanke hannu.

"Baba, lafiya? Ka gama allon? Wa ya ci, fada ko jam'iyyarku?"

Ya miƙa mata ambulan. Gindin gwangwani ya bar shuɗin zobe a kai. Ta karanta, ta dubi kwanan watan, ta sake dubawa.

"Yaushe ta zo?"

"Wancan makon."

"Na tambaye ka, Baba. Kullum ina tambayarka."

"Kin tambaye ni."

Ya so ya yi mata bayanin fenti da turaku, ya ga duk ba su ne amsar ba. Kunya ta rufe shi. Ya zaro biro daga aljihu ya ba ta.

"Sa hannu, Uwata. Ƙarfe huɗu suke rufewa."

"Kai fa? Wa zai zauna da kai?"

"Sa hannu dai."

Ta dafa takardar a bango ta sa hannu. Ya miƙa hannu zai karɓa, ya ce shi zai kai, ya fi ta sauri. Ta ɗan tsaya tana kallon hannun nasa. Sannan ta ninke takardar ta sa a aljihun rigarta.

"Bar shi, Baba. Zan kai da kaina."