Ungulu Mai Muryar Alhaji Garuba

Sidiku mutumin Salaga bai iya Faransanci ba, ko na gaisuwa. Amma wannan bai hana shi zama mai fassarar fim ba. Yana da talabijin, da bidiyo, da wani janareto mai tarin fuka, yana yawo da su gari-gari a bayan lori. In ya sauka, sai ya kafa rumfa ya lulluɓe ta da tamfol, bayan la'asar ya tara yara ya sa musu katun. Kaset ɗin daga Sinkase ake sayo masa, bakin iyakar Togo, shi ya sa tsuntsayen ciki duk Faransanci suke yi. Sidiku sai ya rage ƙara, ya tsaya gefen akwatin da sanda a hannu, ya sa wa kowane tsuntsu maganar da ya ga dama.

Mugun fim ɗin wani ungulu ne mai sanƙo, wanda ba shi da aiki sai satar hulunan tsuntsaye. Kullum zai sata, kullum kuma dubunsa za ta cika, ya faɗa kwata ko tukunya. Yara sun mayar da shi al'ada: kowa zai shigo da gyaɗarsa, ya ci ya tara ɓawon a aljihu, da ungulu ya leƙo sai a rufe talabijin da jifa.

To, a Bawku akwai wata bazawara mai sayar da shinkafa da wake a tasha, Hawawu, wadda Sidiku ya mutu a kanta. Ita ma ba ta ƙi ba, domin cokalinta yakan yi nauyi in ta zo kan kwanonsa. Matsalar ita ce wanta, Alhaji Garuba dillalin shanu, wanda shi ne waliyyinta. Mutum ne da ba a taɓa ganin haƙoransa ba, ba a kuma taɓa ganin kansa babu hula ba. Ranar da Sidiku ya je gaishe shi, Alhaji ya dube shi sama da ƙasa, ya yi gyaran murya.

"Ehem-hem! Wa ya aike ka? Kai ne mai nuna wa yara aljanu cikin akwati? Je ka, sai bayan Sallah in yi tunani."

Sidiku ya koma Salaga ransa a ɓace. Da mai hankali ne, da ya kai ƙararsa wurin Allah ya yi shiru. Shi kuwa, da ungulu ya fito washegari, sai ya kumbura wuya ya ce, "Ehem-hem! Wa ya aike ka?" Yara suka faɗi ƙasa don dariya. A Yendi abin ya fi haka, har masu tallan doya suka ɗauka. Sidiku ya ji daɗi ƙwarai, ya manta cewa lorin da ke kai doya arewa ba doya kaɗai yake kaiwa ba.

Bayan Sallah ya iso Bawku da sabuwar riga da sabon kaset da ko buɗe shi bai yi ba. Tun a tasha ya ji wani kwandasta yana ce wa fasinja, "Ehem-hem! Wa ya aike ka?" Nan ya gane maganar ta riga shi isowa.

Hawawu ta zuba masa abinci, cokalin yau ba nauyi.

"Yaya ya ji," in ji ta. "Ya ce zai zo ya ga tsuntsun da idonsa. In ka ba shi kunya, Sidiku, ni da kai sai a lahira."

Da la'asar rumfa ta cika maƙil. Alhaji Garuba ya shigo da kujerarsa, ya kafa ta a gaba tsakiyar yara, ya zauna ya harɗe hannu. Hawawu ta tsaya can baya bakin tamfol. Sidiku ya yi bisimilla sau ba adadi, ya tura kaset. Dabararsa ita ce ya sauya wa ungulu murya, ya rantse bai san zancen ba.

Ungulu ya leƙo. Ɓawon gyaɗa ya tashi, rabinsa ya sauka a hular Alhaji. Sidiku ya siranta murya ya ce, "Salamu alaikum, tsuntsaye."

Sai wata yarinya mai gibi ta miƙe.

"Masta, ba shi ba ne! Ka yi ehem-hem!"

"Ehem-hem! Ehem-hem!" rumfa ta ɗauka gaba ɗaya.

Alhaji bai ko juya ba. "Yi musu," ya ce. "Ni ma shi na zo ji."

Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Sidiku ya rufe ido ya yi, kuma tsabar tsoro ya sa ta fito daidai fiye da kullum. Ya buɗe ido yana jiran ungulu ya faɗa kwata a gama wulaƙancin.

Ungulu bai saci hular kowa ba ranar. Ya hau reshe shi kaɗai, hoton ya yi dishi-dishi, sai ga shi ɗan tsako, kansa cike da gashi har da tukku. Sheƙar babu uwa babu uba. Ruwa na zuba, ga wata 'yar tsuntsuwa ƙarama a gefensa tana buɗe baki don yunwa. Masu zanen nan na ƙasar Turawa, Allah ya shirye su, sun zaɓi ranar nan su ba da tarihin mugu.

Yara suka juyo suna kallon Sidiku. Ya laluba kansa, babu ƙarya ko ɗaya da ta dace da wannan hoto. Abin da ya samu kawai shi ne wani labari da Hawawu ta taɓa ba shi, ta ce kada ya gaya wa kowa. Baki shi ke yanka wuya, amma shiru ma a wurin nan yanka ne. Ya ci gaba da muryar Alhaji, a hankali.

"Ni ma da ina da gashi. Iyayenmu suka rasu, aka bar ni da ƙanwata. In goya ta a baya, in ɗauki tukunyar koko da zafinta a ka, in zaga kasuwa. Ba ni da gammo, don tsumman da zan yi gammon da shi na goya ta. Kullum tukunya tana cin gashina kaɗan-kaɗan. Ranar da ya ƙare, yaran kasuwa suka bi ni suna waƙa. Tun ranar ban ƙara yarda wani ya ga kaina ba."

A talabijin tsakon yana jan wani abu mai hayaƙi zuwa sheƙa, tukkunsa yana zubewa. Yarinya mai gibi ta fara jan majina. Wani ƙato da ya shigo da sunan rako ƙaninsa ya fashe da kuka kamar an yanka akuya. Hannaye suka fito daga aljihu, ɓawo ya zube ƙasa. Hawawu ta rufe fuska da gyale, Sidiku ya san ya kashe kansa.

Kaset ya ƙare. Alhaji Garuba ya miƙe, ya kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga kafaɗarsa, ya sa hannu ya cire hula. Kan nan sumul, yana ƙyalli a hasken talabijin, da wani tsohon tabo zagaye a tsakiya daidai gindin tukunya. Yara sun fi a ƙirga, amma babu wanda ya yi dariya. Mai gibi ta matso ta miƙa masa sauran gyaɗarta, ya karɓa.

"Ehem-hem," in ji Alhaji. "Kai, Sidiku."

"Na'am, Alhaji. Na tuba, Alhaji."

"Ba koko ba ne. Tubani ne. Hawawu ta manta, lokacin tana ƙarama." Ya mayar da hula ya danna ta. "Ka turo manyanka da goro ran Juma'a. Mutum da ya san kaina haka, gara yana cikin gida."

Sidiku ya durƙusa zai fara godiya, Alhaji ya ture shi gefe da ƙafa, ya koma kujerarsa ya zauna.

"Ka tare mini hoto. Mayar da shi baya. Ban gani ba ko ƙaramar ta ci ta ƙoshi."