Azumin Nasiba

Tun da Nasiba ta dawo Allakaye hutu daga makarantar lise ta Madawa, kullum maganarta ɗaya ce in an ajiye kwano: "Azumi nike." Yau ramuwa ce, gobe Alhamis ce, jibi nafila. Uwarta Balki har yabonta take a bakin rijiya, wai ɗiyarta ta tafi boko ta dawo da tsoron Allah. Kayya, Balki! Da kin san abin da ke faruwa bayan rumbu in an sha ruwa, da ba ki buɗe baki ba.

Can Nasiba ke zuwa ta sa yatsa a maƙogwaro ta amayar da 'yar lomar da ta ci don idon mutane. Abin ya faro ne a aji, ranar da wata ta kira ta buhun albasa aka kwashe da dariya. Ta rage ci, ta ƙara ragewa, har ya zamana ganin tuwo kaɗai na sa gabanta faɗuwa. To wa za ta gaya wa? A gidan da ake tsince hatsi in ya zube ƙasa, ta ce tsoron abinci take? Iskoki za su ce, su hana ta komawa lekol. Wannan ne ke hana ta sakat.

Sai ga kakarta Cima ta tsoma baki. Tsohuwa ce mai hawan jini, majo, mai duba marasa lafiya a disfanser, ya hana ta azumi ko na watan Ramadan.

"Ke 'yar lekol, ke kaɗai za ki kwashe ladar? Gobe tare muke yi."

"Kaka, maganinki fa?"

"Majo ne zai tsaya mini ran lahira?"

Nasiba ta ɗauka wasa ne. Ina! Tsohuwa ta ɗauki azumi, ga zafin bazara kamar a bakin murhu. Da azahar Nasiba ta same ta a zaune gindin itacen bedi, ta jingina da turmi, leɓɓanta sun bushe, idanu sun faɗa. Ta yi mata magana sau biyu kafin ta ɗago.

Nasiba ta ruga ta dama fura, ta kawo ta durƙusa.

"Kaka, don Allah sha."

"Ke da kinka fi ni daɗewa kina yi ba ki karya ba, sai ni? Kai ta can."

In Nasiba ta yi shiru, tsohuwar nan sai ta kai magariba ko ta faɗi. In ta faɗi gaskiya, ta rasa lise ke nan. Ta dubi ƙofar ɗakin uwarta, ta dubi kakar, wadda kanta ke ta rinjaya gefe.

"Ba azumi nike ba, Kaka. Ban taɓa ɗaura niyya ba. Tsoron abinci nike ji. In na ci, sai na hidda shi."

Cima ta zuba mata ido. "Tsoron abinci? Mi yay yi miki?"

"Wallahi ban sani ba."

Tsohuwa ba ta gane ba, amma ta karɓi ludayi ta sha, ta ƙara sha, sannan ta cika shi ta miƙa mata. Nasiba ta kai baki. Ta yi, ta yi, maƙogwaro ya ƙi. Furar ta zubo mata a haɓa tare da hawaye.

"Kin gani? Ko don ke ban iyawa."

Cima ta kama wuyan hannunta, ta ji ƙashi ne zalla. Sai yanzu tsoro ya kama ta.

"Kira uwarki."

"Za su hidda ni lekol, Kaka."

"Ban san abin da za su yi ba. Kira ta, ina nan zaune."

Ba ta saki hannun ba. Nasiba ta juya wajen ɗakin, ta ce, "Inna, zo."