Kujera Kusa da Desmond

"Kujera fa na roƙe ka, Crispin, ba gadon ubanka na ce ka raba da ni ba!"

Gillian ce ke wannan faɗa, tana tsaye a tsakiyar ofishinsa, lemarta na ɗigar da ruwan sama a kan dardumar da yake ji da ita kamar tsoka ɗaya a miya. Dakta Crispin Thwaite, wanda kwaleji ta ɗora wa tsara liyafa da rabon wurin zama, ya dubi darduma, ya dubi lema.

"Gillian, zauna mana. In sa a kawo shayi?"

"Sha abinka. Ka sa ni kusa da mijina ranar Alhamis, in fita in ba ka wuri."

"Kin san ba a yi. Miji da mata ba sa zama gefe da gefe a liyafa, haka muka tarar. Babban teburi kuma na 'yan majalisar kwaleji ne da manyan baƙinsu. Ke kuwa..."

"Ni kuwa me? Ƙarasa mana, ba cizo nake ba."

"Ke ba 'yar majalisa ba ce."

"Iye! Yau ni ake karanta wa doka. Na san ka tun kana ɗalibi, ƙuraje fal fuska, ranar da zuma ta harbe ka a kunne ka zauna a ciyawa kana ihu kamar an yanka akuya. Wa ya cire maka ƙarin? Majalisa?"

Kunnen nan dai ya yi ja wur. Ya juya yana kallon taga, ya ce a hankali, "In da wani dalili na musamman, sai ki faɗa mini."

Gillian ta kawar da kai. Dalili kam akwai shi, ƙato, yana gida a zaune da safa kala biyu a ƙafa. Amma ta gwammace ta haɗiye garwashi da ta furta shi a ofishin Crispin. Ta suri lemarta, ta ce masa dardumarsa ma jabu ce, ta sauka.

Mijinta, Farfesa Desmond Ormerod, shi ne mutumin da ya gano cutar da ke ƙarar da ƙudan zuma amya bayan amya, ya kuma gano yadda ake tare ta. Da ita aka yi aikin tun suna da baƙin gashi. Ita ce mai leƙa madubin ƙara girma har idonta ya lalace, amma a takardun binciken sunanta na biyu yake zuwa, kuma ba ta taɓa cewa uffan ba. Yanzu an ba shi babbar lambar yabo, ga shi zai yi ritaya, shi ne kwaleji ta shirya masa liyafar ban kwana, da baƙi daga ƙasashen waje.

Abin da Gillian ke ɓoyewa shi ne kan Desmond ya fara yoyo. Da farko makullai ne a cikin firji. Sai sunayen mutane suka fara zubewa. Wata safiya ya tsaya a ƙofar kicin ya tambaye ta, cikin ladabi, ko gidan wane ne wannan. A wata ranar da hankalinsa ya dawo garau, ya kama hannunta ya ce, "Gill, kada ki bari su gan ni haka." Ta ce ba za ta bari ba.

Tun daga nan ta zame masa inuwa. Taro, coci, cin abinci, tana hagunsa. In mutum ya doso, ta raɗa masa sunan. In ya ɗauko zance ya ɓata a hanya, ta yi tari ta karɓe. In ya tashi maimaita abin da ya faɗa yanzu, ta matsa masa gwiwa ta ƙarƙashin teburi. Matan malamai suka ɗauki gulma, wai ta mallake shi, wai tsohon ko atishawa ba ya yi sai ta sa hannu. Labari ya dawo kunnenta, ta ji daɗi ma. Gara a ce da ita muguwa da a ce da shi taɓaɓɓe.

Ta so ta ce mura ta kama shi ranar liyafar. Ina! Abin da ya kamata ya manta shi ne ya riƙe gam. Kullum da safe sai ya zura baƙar alkyabbarsa ta malamai a kan kayan barci, ya tambaya ko yau ce. Da ta gwada cewa a haƙura, ya zauna a matakala ya yi kuka kamar yaron da aka hana zuwa sallah. Ga wata al'adar kuma: wanda ake karramawa ba ya karanta takarda, da ka yake magana, don a ga har yanzu kan na ja. Sai ta shiga yi masa tilawa, jimla biyu rak: ya gode wa Shugaban kwaleji da majalisa, ya gode wa ɗalibansa, ya zauna. A wanka, a karin kumallo, a lambu. Wata rana ya kawo duka, wata rana ya tambaye ta wane Shugaba.

Alhamis ta zo da rana tarwai, irin yammacin bazarar da haske ke ƙin tafiya, kyandirorin zauren ma kamar kunya suke ji. Crispin ya ajiye ta can ƙarshen zaure, bakin ƙofar kicin, tsakanin wani tsohon limamin coci da ba ya ji sai an yi ihu, da matar wani masanin lissafi wadda ta kwashe tun daga miya har nama tana ba da labarin tiyatar da aka yi wa karenta. Gillian na cewa "Ayya," idonta na can kan dandamali, inda farin kan Desmond ke tsakanin Shugaban kwaleji da wani baƙo mai gemu.

An yi addu'ar Latin, ya miƙe tare da kowa, ya zauna tare da kowa. Ta sauke numfashi. Ta ga ya ɗauke burodin baƙon ya cinye, baƙon ya yi kamar bai gani ba. Aka kawo naman barewa da dankali, ya ci da cokalin miya. Da aka fito da tulun giyar nan mai zaƙi da ake zagayawa da shi ta hannun hagu, ya iso gabansa, sai ya rungume shi a ƙirji kamar jariri. Shugaba ya ci gaba da hirarsa, ya miƙa hannu ya zare tulun a hankali ya tura gaba, ko kallonsa bai yi ba.

Sai Shugaba ya buga 'yar gudumarsa ta katako, ya tashi ya zuba yabo: gonakin da aka ceto, ɗaliban da suka zama farfesoshi, sunan kwaleji da ya kai ko'ina. Ya ce, "Farfesa Ormerod."

Desmond ya miƙe, dogo, a tsaye ƙyam. Gillian ta damƙe gefen teburi.

"Shugaba, 'yan majalisa, ina godiya." Muryar nan tasa ta dā, mai cika zaure. "Ina kuma gode wa ɗalibaina."

Zauna, Des. Zauna, tsohona. Leɓɓanta na motsi, limamin ya sunkuyo yana cewa, "Na'am?"

Bai zauna ba. Ya dubi fuskoki, ya yi murmushi.

"Mahaifina yana da amya a bayan gida, can ƙauyenmu a Yorkshire. In aka yi mutuwa a gida, sai ya je ya ƙwanƙwasa kowace amya, ya faɗa wa zuma wane ya rasu. In ba a faɗa musu ba, fushi suke yi su tashi su bar gidan." Ya ɗan dakata. "To, akwai wanda ya faɗa wa zuma?"

Zaure ya ɗauki dariya. Wani ya bubbuga teburi. Matar masanin lissafi ta ce, "Kai, Desmond da barkwanci!" Gillian ta ji wani ɗan fata ya taso mata. In ya zauna yanzu, an tsira, har a riƙa ba da labarin jawabin.

Dariyar ce ta firgita shi. Murmushin ya zame daga fuskarsa. Ya waiga dama, ya waiga hagu, inda ya saba samun ta, ya tarar da gemun baƙo.

"Ina Baba?" ya ce. "Cewa ya yi in jira shi a nan."

Wani ya fara dariya, ya haɗiye ta a rabi.

"Ku su wane ne? Don Allah, ina Baba?"

Tsit. A cikin shirun nan aka ji ɗigar ruwa daga ƙafar wandonsa a kan katakon dandamali, ɗis, ɗis, sannan ya zama tsiyaya. Manyan masanan da suka iya auna nisan taurari duk suka sunkuya suna nazarin farantansu. Wata farfesa ta roƙi maƙwabcinta ya miƙo mata cuku. Sai Shugaba ya fara tafi, don a rufe abin, zaure duka ya ɗauka, raf raf raf. Desmond ya toshe kunnuwa da hannu biyu, ya rufe ido, yana karkarwa a cikin alkyabba.

Gillian ba ta san lokacin da ta tashi ba. Ta ratsa tsawon zauren nan, takalminta na ƙara, ba wanda ya ɗaga kai. Ta hau dandamalin da ba a taɓa gayyatar ta ba, ta sauke hannuwansa daga kunne.

"Zo mu je, Des."

Ya dube ta da idon roƙo. "Baiwar Allah, ko kin ga mahaifina?"

"Na gan shi. Yana waje. Zo."

Ta ja shi ta ƙaramar ƙofar bayan babban teburi zuwa ɗakin da ake rataye alkyabbu. Ta zaunar da shi a benci, ta durƙusa tana cire masa jiƙaƙƙun takalma. Da ƙyar igiyar ta kwance. Sai ga Crispin ya shigo da tawul, ya turo ƙofa a hankali.

"Gillian, sannu. Abin bai yi daɗi ba."

Ta karɓi tawul ba ta dube shi ba. "Ba shi da lafiya, Crispin. Ya daɗe. Ga dalilin da kake nema, ka gan shi da idonka."

Ya yi gyaran murya. "E to... ai mun sani."

Hannunta ya tsaya a kan takalmin.

"Kun san me?"

"Tun shekarar da ya yi wa ɗalibai lacca guda sau biyu a mako ɗaya. Kowa ya sani. Shugaba, majalisa, har masu gadin ƙofa. Su ne ma ke juyo da shi in ya nufi kogi."

"Kun sani." Ta miƙe a hankali, gwiwoyinta na ƙara. "Ina ta tari kamar mai ciwon fuka, ina matsar gwiwa, matanku na cin namana ɗanye, ashe kallona kuke yi."

"Mun ga ke ba ki ɗaga maganar ba. Ba huruminmu ba ne mu shiga sha'anin gidan mutum. Ai sai ki ji kunya."

"In ji kunya! To yau me na ji, daɗi? Na zo har ofishinka ina roƙon kujera kamar mai bara, kana sane, ka tsaya kallon taga!"

"Na tambaye ki ko da dalili. Kalma ɗaya za ki faɗa, in kai wa Shugaba. Ba zan iya karya al'ada a kan abin da ba wanda ya faɗa ba."

"Kana jira in tsiraita mijina da bakina, sannan ka ba ni kujera."

"Ke ma kin sani, Gillian, kika kawo shi."

Wannan ta shige ta har ƙashi. Ta juya ta dubi mijinta. A benci Desmond na shafa wata alkyabba da ke rataye, yana yi mata magana ƙasa-ƙasa. Ta bayan bango an koma hira, cokula na ƙara, har wani na dariya.

Crispin ya ɗauka wuta ta mutu. Ya sassauta murya.

"Ki kwantar da hankalinki. Ba wanda ya ga komai. Gobe ba mai tayar da zancen, na yi miki alkawari." Ya murza hannuwa. "Sai dai... Shugaba ya ce in tambaya. Mai hoto ya riga ya zo, ga baƙi sun taho daga nesa. Ko za a dawo da shi ya ɗan zauna a tsakiya, a ɗauka a gama? Ba sai ya yi magana ba. Alkyabbar baƙa ce, ba za ta nuna ba."

Gillian ta dube shi tun daga kai har ƙafa. Ta zare alkyabbar daga kafaɗun Desmond, jiƙaƙƙiya, mai nauyi, ta dunƙule ta, ta danna wa Crispin a ƙirjin farar rigarsa.

"Ungo. Ku zaunar da ita a tsakiya ku ɗauka."

Ta cire kwat ɗinta ta yafa wa mijinta, ta ɗebi takalmansa a hannu ɗaya, ta kama shi da ɗayan. Ya biyo ta da safa, yana tambaya ko da nisa. Ta ce babu nisa. Ta buɗe ƙofar da ke fita tsakar kwaleji, ta fitar da shi a hankali, ta jira ya sauka daga dokin ƙofa. Sannan ta juyo, ta tattara duk ƙarfin da ya rage mata, ta maka ƙofar, garam!